Ɗalibi mai lalura: a nemo masa sauƙi tun lokacin rajistar WAEC da NECO

Jarrabawar fita sakandare a damina take faɗowa, WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya har Yuli. Yaro mai sikila da ya taso daga wani ƙauyen Doguwa ko Kiru a kan babur, ruwa ya dake shi a hanya, ciwo na iya tasar masa kafin ya buɗe takarda. Haka mai asma, haka mai farfaɗiya da ya kwana yana karatu bai runtsa ba. Iyaye da yawa sai ranar suke zuwa roƙon mai sa ido, alhali shi ba ya iya ƙara minti ɗaya idan babu umarni a rubuce.

WAEC da NECO suna da tanadi ga masu buƙata ta musamman: takarda da rubutun makafi, manyan haruffa ga mai raunin gani, da ƙarin lokaci. JAMB ma tun 2017 ta ware tsari na daban don makafi. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da bambanci ba. Sai dai makaranta ce ke yi wa ɗalibi rajista, kuma abin da ta shigar shi hukuma ta sani.

Saboda haka, da yaro ya shiga aji shida, a kai shi babban asibiti, na Tudun Wada ko na Bebeji, ko asibitin Murtala idan can yake ganin likita. Kada a tsaya a katin asibiti. A nemi likita ya rubuta wasiƙa mai hatimi, ya faɗi ciwon, ya kuma faɗi abin da yaron ke buƙata a ɗakin jarrabawa: shiga da ruwa da magani, fita bayan gida, wurin zama nesa da taga, ɗan hutu idan jiki ya motsa. Uba ya haɗa da tasa takardar zuwa ga shugaban makaranta, ya roƙi a tura wa ofishin hukumar a Kano kafin a rufe rajista. A riƙe kwafin komai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoyo, musamman a kan 'yan mata. Ana tsoron kada a ji yarinya tana da farfaɗiya ta rasa mijin aure, sai ta faɗi a gaban 'yan ajinsu, malamai na ta neman mai ruƙiyya saboda ba wanda ya gaya musu komai. Idan aka sanar da shugaban makaranta da malamin da ke kula da jarrabawa, ya isa. A roƙe su su riƙe sirri.

Idan ciwo ya hana ɗalibi zama wata takarda, a karɓi shaidar kwanciya asibiti a kai makaranta nan take. Darasin da ya kuɓuce masa yana iya rubuta shi a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara.