Jigon Rufin Asiri a Wasan Kwaikwayon Talabijin

Wasan Flack, wanda aka fara nunawa a Ingila a 2019, ya ginu ne a kan ma'aikatan da ake biya domin su rufa asirin fitattun mutane idan sun tafka abin kunya.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce ga ɗalibi a ƙauyukan Bichi ko Ɗambatta. Ya san maroƙi, mai kambama ubangidansa, ya binne aibinsa, ya yi wa abokin hamayyarsa zambo. Bambancin shi ne, maroƙi a bainar jama'a yake aikinsa, su kuwa a ɓoye. Don haka ya kamata malami ya faro darasi daga maroƙi.

Aiki: Yaushe rufin asiri ke zama yaudara? A tattauna.