Tasirin Yanayin Haɗin Faifan Ajiya ga Hanzari da Jituwar Kwamfuta: Nazari a kan IDE da AHCI da RAID da NVMe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙa'idojin da kwamfuta ke bi wajen mu'amala da faifan ajiyarta, da tasirinsu ga hanzarin aiki da kuma jituwa tsakanin faifai da manhajar gudanarwa. An bi tarihin kowane yanayi, an fito da amfaninsa da iyakarsa. Maƙalar ta nuna cewa sauyin yanayin haɗi na iya hana kwamfuta tashi alhali faifan lafiyarsa ƙalau, kuma rashin fahimtar haka kan kai ga goge bayanan da ba su da mayewa.

1.0 Gabatarwa

A yau rubuce-rubucen manazarta da muryoyin da suka naɗo a fagen bincike da hotunan takardun ajami duk a faifan kwamfuta suke taruwa. Faifan nan iri biyu ne: mai juyawa, wato HDD, da marar motsi, wato SSD. Kowane iri ne, ba ya magana da manhajar gudanarwa kai-tsaye, sai ta hanyar wani sashe na babban allon kwamfuta da ke kula da shige da ficen bayanai. Ƙa'idar da wannan sashe ke bi ita ce a nan ake kira yanayin haɗi, kuma a saitin BIOS ko UEFI ake zaɓenta, tun kafin manhajar gudanarwa ta tashi.

2.0 Daga IDE zuwa SATA

Tsarin IDE ya bayyana a 1986, da haɗin gwiwar kamfanonin Western Digital da Compaq da Control Data. Yana amfani da faffaɗar waya mai ramuka 40, wadda faifai biyu ke iya rabawa, kuma ƙarshen gudun da ya kai shi ne megabait 133 a daƙiƙa. A 2003 tsarin SATA ya zo da siririyar waya da gudun megabait 150. Zubi na biyu ya kai 300 a 2004, na uku kuma ya kai 600 a 2009.

Sai dai manhajojin wancan zamani ba su san sabon tsarin ba. Saboda haka aka tanadi yanayin IDE a cikin BIOS, inda faifan SATA ke yin shigar tsohon faifai domin tsohuwar manhaja ta gane shi. Ribar wannan yanayi ita ce jituwa. Hasararsa kuwa ita ce ana aika wa faifai umarni ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a cire shi ko a jona shi kwamfuta na kunne.

3.0 Yanayin AHCI

Kamfanin Intel ne ya tsara ƙa'idar AHCI, wadda zubinta na farko ya fito a 2004. Babban abin da ta buɗe wa hanya shi ne dabarar NCQ, wadda ke ba faifai damar karɓar umarni har 32 a lokaci guda, ya sake jera su yadda zai fi masa sauƙi. Misalinsa kamar mai ga-ruwa ne da gidaje goma suka kira: idan ya bi su bisa wanda ya fara kira, zai yi ta kai-kawo a unguwa, idan ya bi su bisa kusanci, zai gama da wuri.

Muhimmancin wannan yana bayyana idan aka dubi faifai mai juyi 7,200 a minti. Zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma duk lokacin da allurar karatu ta kuskure wurin da take nema sai ta jira zagaye na gaba. Sake jera umarni yana rage wannan jira. A wajen SSD, wanda ba shi da allura, layin umarni yana ba shi damar sarrafa ma'adanansa da dama a tare. Don haka bambancin IDE da AHCI ba ya fitowa sosai wajen kwafar babban fayil guda, ya fi fitowa idan ayyuka da yawa suna neman faifan a lokaci ɗaya.

4.0 Yanayin RAID

Sunan RAID ya samo asali ne daga maƙalar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar a 1988. Manufarsa ita ce haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki tamkar guda. RAID 0 yana rarraba bayani a kan faifan domin ƙarin gudu, amma idan ɗaya ya mutu duka bayanan sun tafi. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu. Wannan ma ba ya maye gurbin ajiyar kwafi a wani wuri daban, domin fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a faifai biyun zai goge.

Kwamfutocin tafi-da-gidanka da dama suna fitowa daga masana'anta a wannan yanayi, ƙarƙashin fasahar Intel RST, ko da faifai ɗaya ne a cikinsu. Shi ya sa mai ɗora Ubuntu kan tarar ba a ganin faifan sai an mayar da shi AHCI.

5.0 Tsarin NVMe

An tsara AHCI ne da faifai mai juyawa a zuciya, don haka da SSD ya bunƙasa sai ya ci karo da iyakar megabait 600 da layin umarni guda. A 2011 aka fitar da ƙa'idar NVMe, wadda ke bi ta hanyar PCIe, tana kuma ba da damar layuka har 65,535. Faifan NVMe a kan PCIe 3.0 mai hanyoyi huɗu yakan kai kimanin megabait 3,500 a daƙiƙa, a kan PCIe 4.0 kuwa kimanin 7,000. Ya kamata a lura cewa M.2 sunan siffar mazauni ne kawai. Akwai faifan M.2 na SATA, akwai na NVMe, kuma ba kowane mazauni ke karɓar duka biyun ba.

6.0 Matsalar Jituwa

Lokacin da ake ɗora Windows, tana kunna direban yanayin da ta tarar ne domin ta riƙa tashi da shi. Idan aka sauya yanayin daga baya, sai ta rasa hanyar isa ga faifan, ta tsaya da shuɗin allo mai lambar 0x0000007B. Windows XP, wadda ta fito a 2001, ba ta zo da direban AHCI ba, sai daga Windows Vista aka sanya shi. Direban NVMe kuma ya shigo ne tare da Windows 8.1 a 2013.

Sauyin yana iya faruwa ba da sanin kowa ba. Idan ƙaramin batirin babban allo, mai lamba CR2032, ya ƙare, BIOS kan koma saitin masana'anta, wanda ke iya bambanta da yanayin da aka ɗora manhajar a kai. Wannan ya fi shafar tsofaffin kwamfutoci da na hannu. Mai gyaran da bai lura ba yakan yanke hukuncin cewa manhaja ta lalace, ya goge faifan ya sake ɗora ta, a yi gyaran gangar Auzinawa. Da an mayar da saitin yadda yake, da kwamfutar ta tashi da komai a cikinta.

Idan da gangan ake son sauyin, matakan su ne: a kwafe bayanai zuwa wani faifai, a tanadi mabuɗin ceto na BitLocker idan yana kunne, a umarci Windows ta tashi a yanayin kariya, a shiga BIOS a sauya saitin, a bar ta ta tashi a yanayin kariya domin ta kunna sabon direba, sannan a mayar da ita tashin yau da kullum.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa IDE ya dace da tsohuwar manhaja kawai, AHCI shi ne zaɓin faifan SATA guda, RAID sai inda ake haɗa faifai da yawa ko inda a kansa aka ɗora manhajar, NVMe kuma shi ne mafi hanzari inda allon ya amince da shi. Shawarar maƙalar ga sassa da ɗakunan adana bayanai ita ce su rubuta yanayin haɗin kowace kwamfuta a ajiye, kuma kada a yarda a goge faifan da ya ƙi tashi sai an fara duba wannan saiti.