Awon Ra'ayin Jama'a: Abin da Ya Kamata Ɗan Zango Ya Sani

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato a ƙasarmu Gana, ko farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, sai ka ji rediyo na cewa an tambayi jama'a, kashi kaza cikin ɗari sun ce kaza. Nan da nan gardama ta kaure a kantunan Adum da teburan shayi na Aboabo a Kumasi. Wani ya ce ƙarya ce, ai shi ba wanda ya taɓa tambayarsa. Wani kuwa ya riƙe maganar kamar an riga an ƙirga ƙuri'a. Dukansu biyu akwai gyara a zancensu, kuma saboda su aka rubuta wannan takarda.

Yadda Ake Awon

Kakanninmu fatake da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato neman goro, har suka yada zango a Kumasi, sun san wata hikima. Mai sayen huhun goro ba ya fasa kowane goro ya duba. Zura hannu yake yi, ya ɗauko daga sama, ya ɗauko daga tsakiya, ya tono na ƙasa. 'Yan ƙwayoyin nan sun isa su gaya masa halin huhun duka. Wanda ya tsaya ga na sama kaɗai, waɗanda mai kaya ya jera don ado, shi ne zai isa gida ya tarar da sankara.

Haka awon ra'ayi yake. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya kowace shekara. Ƙungiyar Afrobarometer, wadda aka kafa a 1999, kuma hedkwatarta ke Akkra, takan tambayi mutum 2,400 a Gana ta hannun cibiyar CDD-Ghana. Ba son rai ke zaɓo mutanen ba. Ana fitar da unguwanni da ƙauyuka daga jerin ƙidayar ƙasa kamar yadda ake jefa ƙuri'a, kowace jiha gwargwadon yawan mutanenta. In an isa unguwa, sai a bi gidaje da lissafi. In an tambayi namiji a wannan gida, a na gaba mace za a tambaya, kuma dole wanda za a tambaya ya kai shekara 18. Saboda haka in ba a taɓa zuwa ƙofarka ba, ba raini ba ne, hannun mai awo ne bai faɗa kanka ba tukuna.

Amma awo komai kyansa yana da ɗan giɓi. In an tambayi mutum 2,400 bisa ƙa'ida, amsar na iya haura gaskiya ko ta gaza ta da kimanin maki biyu cikin ɗari. Idan aka ce wane yana da kashi 49, wane yana da 48, to, awon bai raba gardama ba. Ka tuna zagaye na biyu na zaɓen 2008, inda John Atta Mills ya rinjayi Nana Akufo-Addo da ƙuri'a kimanin 40,000 kacal, sai da aka jira mazaɓar Tain kafin a san mai nasara. Babu awon da zai iya hango tazara siririya irin wannan.

Yawa Ba Shi Ne Inganci Ba

A 1936, wata mujalla ta Amurka mai suna Literary Digest ta tara amsoshin mutum fiye da miliyan biyu, ta yi shelar cewa Alf Landon zai ka da shugaba Roosevelt. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Yawancin sunayen da mujallar ta aika wa takarda daga littafin masu tarho da jerin masu mota ta samo su, wato masu hannu da shuni, a zamanin da talauci ya yi wa jama'a katutu. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an kwatanta, amma ya cakuɗa su, shi ya faɗi daidai.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Kowa ya san jihar Ashanti tungar jam'iyyar NPP ce, amma mazaɓar Asawase, inda unguwannin Zango suke da yawa, Muntaka Mubarak na NDC ke wakiltarta tun 2005. Wanda ya wuni a Aboabo yana tambaya, da wanda ya wuni a Bantama, za su koma da labari biyu masu karo da juna, alhali gari ɗaya suka shiga. Don haka shirin rediyo da ake buga waya a faɗi ra'ayi, da tambayar da ake liƙawa a Facebook ko WhatsApp, hira ce kawai. Masu kuɗin kati da masu zafin kai ke amsawa, wani ma ya amsa sau goma. Tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci ba ta cikinsu, ga shi kuwa tana da ƙuri'a.

Masu Awo Sukan Dace, Sukan Kuskure

A 2016, Ben Ephson na jaridar Daily Dispatch, wanda ya daɗe yana wannan sana'a, ya ce John Mahama zai ci. Akufo-Addo ne ya ci, da kashi 53 da ɗoriya. A 2024 kuwa, Mussa Dankwah na kamfanin Global InfoAnalytics ya nuna Mahama a gaba, yayin da Farfesa Smart Sarpong na Jami'ar Fasaha ta Kumasi ya nuna Mahamudu Bawumia a gaba. Ranar 7 ga Disamba jama'a suka yanke hukunci: Mahama ya sami fiye da kashi 56, Bawumia kimanin kashi 41.

Dalilan kuskure sanannu ne. Wani ya faɗi ra'ayinsa amma ranar zaɓe ya ƙi fita. Wani ya sauya shawara a makon ƙarshe. Wani kuwa ya ɓoye abin da ke ransa, don yana zaton mai tambayar ɗan gwamnati ne. Awo hoton ranar da aka ɗauke shi ne. Gobe kuwa ta Allah ce.

Amfaninsa Ya Wuce Zaɓe

Mafi yawan amfanin awo yana tsakanin zaɓe da zaɓe, lokacin da 'yan siyasa suka ɗauke ƙafa daga unguwa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wannan lissafin kasuwa ne. Amma ko magidanci ya kwana da yunwa, ko ya rasa kuɗin magani, ko har yanzu yana amince da kotu da 'yan sanda, sai an tambaye shi za a sani.

Dubi harajin nan na E-Levy da aka ɗora wa aika kuɗi ta waya a Mayun 2022, kashi 1.5 cikin ɗari. Kowane ɗan kasuwa a Adum da Kejetia ya ji shi a jika. Awon Afrobarometer na 2022 ya nuna kimanin mutum uku cikin huɗu ba su yarda da shi ba. A 2023 aka rage shi zuwa kashi 1. A yaƙin neman zaɓen 2024 manyan 'yan takara biyu duk suka yi alkawarin soke shi, aka kuwa soke shi a Afrilun 2025. Gunaguni a rumfa iska ke kwashe shi, amma in ya zama adadi a takarda, mai mulki ba ya iya cewa bai ji ba.

Me Ya Sa Muke Gudun Mai Tambaya?

Dattawanmu ba su manta 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashi mutane da yawa daga Zango. Tun daga nan baƙo mai biro da takarda ya zama abin tsoro a wasu gidaje. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan ba abin zargi ba ne. Sai dai gudun yana da hasara. In mun rufe ƙofa, kukanmu game da magudanan ruwa da makarantu da rashin aikin samari ba zai shiga lissafi ba, ko da yake an kafa asusun raya Zango tun 2017. Haka kuma in maigida ya hana a tambayi uwargida, ya ce shi zai amsa a madadinta, an rasa rabin muryar gidan. A bar ta ta faɗi nata, ko daga bakin zaure ne.

Abin da Za Ka Kiyaye

In ka ji sakamakon awo, yi tambaya huɗu kafin ka ɗauka. Wa ya yi shi, wa ya biya kuɗinsa? Mutum nawa aka tambaya, kuma a ina? Yaushe aka yi? Da wane irin lafazi aka yi tambayar? Wanda ya ƙi bayyana waɗannan, farfaganda yake yi, ko da ya zo da lambobi masu ƙyalli.

In kuwa mai awo ya yi sallama a gidanka, nemi katin shaidarsa. Na gaskiya ba ya karɓar kuɗi, ba ya raba kuɗi, ba ya neman lambar sirri ta asusun wayarka, kuma ba a buga sunanka a rahoto. Kana da ikon ƙin amsa tambayar da ba ta kwanta maka ba. In Turanci ko Twi ya yi maka nauyi, ka faɗa, kada ka amsa abin da ba ka gane ba.

Ya ɗan'uwa, in masu awo sun zo ka ba su wurin zama, ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka, ba don faranta wa kowa ba. Ranar zaɓe kuwa, ko awo ya ce naka ne a gaba, ko ya ce shi ne a baya, ɗauki katinka ka tafi rumfa, don ƙuri'ar da ke cikin akwati ita kaɗai hukumar zaɓe ke ƙirgawa. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.