Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Cikin Wata Nawa Nauyi Ke Sauka?

 

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tiyatar rage ƙiba, wadda a 'yan shekarun nan matanmu suka fara zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya domin a yi musu, wasu kuma a manyan asibitocin kuɗi na nan gida. Mace takan sayar da gwal ko fili ta je ta dawo, tana jin nan da wata biyu za ta koma kamar lokacin da take budurwa. Da an yi mako uku sikeli ya tsaya cak, sai hankalinta ya tashi, ta ce ai kuɗinta sun tafi a banza. Daga nan wata ta daina cin abinci, wata ta koma wa shayin rage teɓa na kasuwa, wata kuma ta fid da rai ta koma cin da ta saba. Duk ukun nan cutar da kai ne, kuma rashin sanin yadda saukar take tafiya ne ke jawo su. Saboda haka ko ke ce za a yi wa, ko 'yarki, ko ƙanwarki, ki natsu ki karanta.

Mece ce tiyatar?

Iri biyu aka fi yi a yau. Na farko shi ne wanda likitoci ke kira silib: ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a cire, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. A ɓangaren da ake cirewa ne jiki ya fi samar da sinadarin girelin mai ta da yunwa, shi ya sa sha'awar abinci kan ragu sosai a farkon lamari. Na biyu shi ne baifas, wanda Dokta Edward Mason na Jami'ar Iowa ta Amurka ya fara yi a shekarun 1960. Shi kuma ana ware ɗan ƙaramin aljihu ne kamar girman ƙwai a saman tumbin, a haɗa shi da ƙaramin hanji kai tsaye, ta yadda abinci zai tsallake wani yanki na hanyarsa.

Ki lura da kyau, 'yar'uwa: babu kitsen da likita ya yanke ya zubar ranar tiyata. Mazubin abinci aka rage. Kitsen yana nan jikinki, jiki ne zai riƙa ƙona shi kaɗan-kaɗan saboda abin da ke shiga ya yi ƙasa da abin da ake buƙata. Abin da aka yi shekara goma sha ana tarawa kuwa ba zai narke a sati biyu ba.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta rage nauyi ta hanyoyin da ilimi ya amince da su, har da tiyata, idan ƙibar ta zama ciwo, babu wata hanya sai ita, kuma an aminta daga cutarwa. Kin ga ke nan magani ce, ba kwalliya ba, kuma da ma'aunin magani ya kamata ki auna ta.

Kilo nawa za ki sa rai?

Likitoci suna da ma'aunin da suke kira BMI. Za ki ninka tsawonki a mita da kansa, sai ki raba nauyinki a kilo da abin da ya fita. Bari mu yi misali da mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 120. Idan aka ninka 1.60 sau 1.60, an sami 2.56. A raba 120 da 2.56, an sami kusan 47. Iyakar lafiya ita ce 25, wato ga mai wannan tsawon kilo 64 ke nan. To daga 64 zuwa 120 akwai kilo 56, su ne rarar nauyinta.

Abin da aka fi gani shi ne tiyata tana sauke kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na wannan rarar, ba dukanta ba. Mu ɗauki kashi 60: kilo 34 ke nan. Ma'ana baiwar Allahn nan za ta tsaya ne a wajen kilo 86, ba 64 ba. Idan ta sa wa ranta 64, za ta yi ta kukan an cuce ta, alhali a wurin likita aikin ya yi kyau, domin duk wadda ta sauke rabin rararta ana lissafa ta cikin waɗanda suka yi nasara.

Akwai wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bibiyi mutane sama da 4,000, kusan rabinsu an yi musu tiyata. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa baifas sun sauke kashi 32 cikin 100 na dukan nauyinsu tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara 10 kuma abin ya tsaya a kashi 25. Wato ɗan abu ya dawo, amma mafi yawa bai dawo ba. Sannan mace-mace a cikin waɗanda aka yi wa tiyata ya yi ƙasa da na sauran da kusan kashi 29 cikin 100. Wannan ita ce ribar gaske.

Yadda saukar take tafiya

Ranar da aka sallame ki daga asibiti kada ki yi mamaki in kin ga nauyinki bai ragu ba, ko ma ya ɗan ƙaru. Ƙarin ruwan da aka yi miki ne da kumburin aiki, za su sauka cikin 'yan kwanaki.

Watanni ukun farko su ne na gudu. A makonni biyun farko galibi abu mai ruwa-ruwa kawai ake sha, sannan a koma markaɗaɗɗe, sannan mai laushi, sai wajen mako na shida zuwa na takwas a fara abinci sosai. A wannan lokaci mai irin nauyin da muka yi misali da shi tana iya sauke kilo ɗaya zuwa biyu a mako, zuwa ƙarshen wata na uku kusan sulusin rararta ya tafi.

Daga wata na huɗu zuwa na shida gudun ya koma sassarfa. Zuwa wata na shida an kai kusan rabin rarar. Daga nan zuwa shekara kuwa tafiya ce ta sannu, rabin kilo a mako ko ƙasa da haka. Dalili shi ne ƙaramin jiki bai kai babba buƙatar abinci ba, sannan kumburin tumbi ya saɓe, kin fara iya cin ɗan abu fiye da da. Yawanci tsakanin wata 12 zuwa 18 ake kai ƙarshen sauka, wasu har shekara biyu. Bayan nan aikin ya koma na riƙe abin da aka samu.

Idan sikeli ya tsaya

Mata da yawa suna gamuwa da tsayawar farko wajen mako na uku. Ga abin da ke faruwa. Jiki yana da wani ajiyayyen suga a hanta da tsoka, ana ce masa gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Da abinci ya yanke, shi jiki ke fara ci, ruwan da ke tare da shi ya fita ta fitsari. Shi ya sa kilon farko suke zuba da sauri, amma da yawansu ruwa ne. Bayan haka jiki ya fara mayar da ajiyarsa da ruwanta, a daidai lokacin da yake ƙona kitse. Wannan na fita, wancan na shiga, sai sikeli ya nuna kamar ba a yin komai. Kin gane ko? Aiki na tafiya, ma'aunin ne ba ya iya bambance ruwa da kitse.

Irin wannan tsayawa tana iya ɗaukar mako ɗaya zuwa uku, kuma za ta sake dawowa nan gaba. Gab da al'ada ma jikin mace yakan riƙe ruwa, haka bushewar ciki da cin gishiri da yawa. Don haka ki daina hawa sikeli safe da yamma. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin ki ci komai, a kan sikeli ɗaya. Ki sami tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugunki sau ɗaya a wata, sau da yawa za ki ga ɗaurin zane ya ƙara zagayowa alhali kilo bai motsa ba. Amma idan an haura wata guda babu sauyi ko kaɗan a cikin watanni shidan farko, to ki tuntuɓi likita a duba abincinki.

Kada ki auna kanki da wata

Sai ki ji mace na cewa: "Tare aka yi mana da Hajiya wance, ita ta zubar da kilo 30, ni ina 18." Haba 'yar'uwa! Wadda ta fara da kilo 160 dole ta fi mai 110 zubar da kilo. Maza sun fi mata saurin sauka saboda yawan tsoka, yarinya ta fi wadda ta manyanta, mai ciwon suga, musamman mai allurar insulin, takan yi jinkiri, kuma baifas yakan ɗan fi silib. Ki auna kanki da inda kika taso. Shin kina iya sujada da zaman tahiya ba tare da kujera ba? Gwiwa ta yi sauƙi? Minshari ya ragu? Suga sau da yawa yakan daidaita tun kwanakin farko, kafin ma a ga rama, shi ya sa dole likita ya sake duba magungunanki na suga da hawan jini, kada ki rage ko ki bari da kanki.

Sannan ki shirya wa bakin mutane. A gidan biki wata za ta ce har yanzu ba ta ga canji ba, wata kuma ta ja ki gefe ta ce: "Lafiya kuwa? Kin rame, ko dai wani ciwo ne?" Ba za ki iya gamsar da su biyun ba, kada maganarsu ta zama ita ce likitanki.

Illar gaggawa

Wadda ta ƙuntata wa kanta don sikeli ya yi sauri, tsoka take zubarwa tare da kitse, kuma raguwar tsoka ita ce ke ƙara rage ƙarfin jiki na ƙona abinci. Saurin rama yana jawo tsakuwa a matsarmama. Gashi ma yakan zuba tsakanin wata na uku zuwa na shida, yawanci yana dawowa, amma ƙarancin abinci mai gina jiki da sinadarin ayon yana tsananta shi. Amai da ya ƙi tsayawa kuwa yana iya ƙarar da bitamin B1 har ya taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Idan kin ga haka, ko zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, asibiti za ki nufa ba tare da jira ba.

Abu biyu sun shafe mu musamman. Na ɗaya azumi. Sabon tumbi ba ya ɗaukar ruwa da yawa lokaci guda, kurɓi-kurɓi ake sha tsawon yini, ga kuma zafin ƙasarmu. Shi ya sa likitoci kan hana azumi a watannin farko, sau da yawa daga wata shida har zuwa shekara. Allah (SWT) Ya yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya sha ya rama daga baya. Ki karɓi rangwamen, kada ki ce za ki yi Litinin da Alhamis wai don ki haɗa lada da rama.

Na biyu juna biyu. Wadda ƙiba ta hana ta haihuwa tana iya ɗaukar ciki da ta fara sauka, alhali ana so a jinkirta wata 12 zuwa 18, domin jikin da ke zubar da nauyi ba zai wadatar da ɗan tayi ba. Ku zauna da maigida ku fahimci juna tun kafin tiyata, ku nemi shawarar likita a kan hanyar tazara, saboda ƙwayoyin sha ba a cika dogara da su ba bayan baifas.

Abin da ke hannunki

Ki fara cin mai gina jiki kafin komai: ƙwai, kifi, kaza, alale, awara, kindirmo maras suga. Ana so ki samu aƙalla giram 60 na furotin a yini, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, kin ga sai da lissafi. Ki tauna sosai, ki tsaya da zarar kin ji alamar ƙoshi. Ki sha ruwa lita ɗaya da rabi ko fiye, amma ki bar tazarar rabin awa tsakaninsa da abinci. Ki riƙe bitamin ɗinki, da su ayon da kalsiyam da B12, wannan na har abada ne. Ki riƙa tattaki kullum, ko a tsakar gida ne.

Babban abin da ke mayar da hannun agogo baya shi ne zaƙi mai ruwa. Tuwo cokali kaɗan zai cika ki, amma lemon kwalba, zoɓo mai suga, kunun aya, fura da shayi mai kauri wucewa suke salin-alin ba tare da kin ji ƙoshi ba. Haka tsince-tsincen cincin da biskit tsakanin abinci.

Kammalawa

Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba (RA), wanda Tirmizi ya ruwaito, ya koya mana kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Tiyata tana tilasta miki wannan ladabi ne na shekara ɗaya ko biyu, domin ki saba da shi ya zame miki ɗabi'a. Hadisin Nana A'isha (RA) a Bukhari da Muslim kuma ya nuna Allah Ya fi son aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Jikinki amana ne, kuma haka ake riƙonsa. Ki yi lissafinki da wata ba da kwana ba, ki riƙa komawa ganin likita a kan lokaci ko da kina jin garau. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu haƙuri da ikon riƙe amanar jikinmu, Ya sa mu dace duniya da lahira, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.