Daga Rumfa Zuwa Ɗaki: Taƙaitaccen Tarihin Mazaunin Direban Tarakta

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin mazaunin direban tarakta, da matsayin manomin ƙasar Gusau a cikin wannan tarihi.

Taraktocin farko ba su da rufi. Rana da ƙura da ƙarar inji duk a kan direba suke ƙarewa. A 1938 kamfanin Minneapolis-Moline na Amurka ya ƙera UDLX, mai rufaffen ɗaki da gilasai da rediyo. Ba ta yi kasuwa ba, domin tsadarta ta fi ƙarfin manoma. Daga baya yawan mutuwar direbobi idan tarakta ta kife ya sa Suwidin ta wajabta ƙarfen kariya a 1959, Birtaniya kuwa a 1970. A 1972 John Deere ya fito da ɗakin Sound-Gard, mai rage ƙara da tare ƙura, wanda ake iya sa wa na'urar sanyaya iska.

A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Gusau da tallafin Bankin Duniya. Duk da haka, akasarin taraktocin da ke huɗa a Ruwan Bore da Tsafe da Bunguɗu rumfa kurum gare su, domin ɗaki yana ƙara tsada, na'urar sanyi kuma tana bukatar gyaran da ba a cika samu a karkara ba.

A taƙaice, rumfa tana tare rana, amma in ba a kan ƙarfen kariya aka ɗora ta ba, ba ta ceton rai. Wannan ya kamata mai saye ya fara dubawa.