Sa Allah a Gaba a Tsakiyar Damina

Wani ɗan'uwa manomi daga Gidan Amumune, jihar Maraɗi, yana tambaya: a matsayinsa na Kirista, yaya zai sa Allah a gaba alhali noman gero ya cinye masa lokaci?

Mun gode, ɗan'uwa. A Bisharar Matiyu, sura ta shida, Yesu ya yi maganar damuwar ci da sha da sutura, ya ce a fara neman mulkin Allah. A fara, ɗan'uwa. Bai ce a ajiye hauya ba.

Kafin ka fita gona, tara iyalinka ku yi addu'a, ko gajeruwa ce. Ran Lahadi ka je sujada. In girbi ya zo, fitar da baikonka tun kafin damman gero su shiga rumbu, ka kuma tuna da gwauruwar unguwarku, Kirista ce ko Musulma.