Shawara Ga Masu Haɗa Kayan Sauti a Lafiya

Masu kayan sauti a bukukuwa da wuraren Mauludi a Lafiya, ku fara da wuta kafin komai. Wutar AEDC volt 230 ya kamata ta zo, amma takan hau takan sauka, don haka kada ku jona amfilifaya sai ta bi sitabilaiza. In janareta ne, a ajiye shi can waje nesa da rumfa, domin hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da an ji warin gubar ba, kuma kada a zuba masa fetur yana kunne.

Abin da ya fi damuna shi ne yanke wayar ƙasa, wai don a kawar da ƙugin sifika. Ita ce ke kare mawaƙi ko malamin da ya riƙe makirfo daga jan wuta. Ku bar ta, ku nemo inda ƙugin yake.

Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa kan sauko ba sallama, sai a ɗaga soket da mahaɗar waya daga ƙasa, a rufe da tamfol. A kunna miksa tukuna, amfilifaya daga ƙarshe. Wajen kashewa a fara da amfilifaya. Don Allah a ɗaure sandar sifika sosai, yara na gilmawa ta ƙarƙashinta.